Ciwon Ƙugu a Gefe Guda: Anya Gashi Zai Yi?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Wata bakwai ke nan da haihuwata, amma ciwon da ya kama ni a ƙasan baya ta hagu tun ina da ciki ya ƙi sakina. Hawa bene da juyi a kan gado sun fi ba ni wahala. An yi hoto ba a ga komai ba, aka tura ni sashen gashi, inda ake jinya da motsa jiki. Anya motsa jiki zai yi abin da ƙwaya ta kasa?
Daga wata mai shayarwa

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya. Da kina gabana, cewa zan yi ki nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Masu irin ciwonki sukan dangwala yatsa daidai ɗan lotsawar nan da ke saman ɗuwawu. A nan ƙashin gindin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu, gaɓa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Motsinta bai wuce 'yan milimita ba, domin jijiyoyi masu tauri sun ɗaure ta tam. Da ciki ya zo, sinadarai irin su rilaksin sukan sassauta ɗaurin don a buɗe wa jariri hanya. Sau da yawa hoto ba ya nuna wannan. Da hannu muke ganowa: mu danna ƙugun, mu tura cinyar ta hanyoyi biyar, in uku suka tayar da ciwon da kika sani, zargi ya faɗa kan gaɓar.

Sunan "gashi" yana ruɗar mutane, su zo suna jiran a ɗora musu abu mai ɗumi su tafi. Ɗumin na da daɗi, ban musa ba, amma aikin na tsokar ɗuwawu da ta mara ne, su za su riƙe gaɓar. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki sa matashi tsakanin gwiwoyin ki matse, ki ƙirga biyar, ki saki, sau 10. Sannan ki ɗaga ɗuwawu a hankali har cinya da ciki su miƙe, shi ma sau 10. In ciwon ya soke ki, ki dakata. Ki ba shi makonni, ba kwana uku ba.

Ki bar saɓa yaro a ƙugu ɗaya, ki sa siket ko wando a zaune, ki kwana da matashi tsakanin gwiwoyi. In an ba ki bel, ƙasa ake ɗaura shi, a kan ƙasusuwan ƙugu, ba a cibiya ba.

Amma in kika ji zazzaɓi, ko ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko matsematsinki ya mutu, ko fitsari ya fara kufce miki, ki ajiye motsa jikin ki tafi asibiti a ranar.