Hoto ko gaisuwa? Abin da ya faru da ni a kogin Isa

Malam, ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa cin karo da shahararren ɗan wasa ba shiri, kuma ko neman hoto a irin wannan lokaci rashin ladabi ne. Tawa a cikin kwale-kwale ta faru.

Wata Laraba ce cikin hunturu, muka tashi daga Yamai zuwa kasuwar Bubon, inda ake sayar da tukwanen ƙasa. Lokacin sanyi kogin Isa, wato kogin Neja, yake cika a Yamai, don ruwan da ya sauka a duwatsun Gini sai ya ɗauki watanni kafin ya iso. Tafiya lafiya lau. A dawowa ne, bayan la'asar, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Sa'armu ɗaya, ruwa Yamai ya nufa, sai dai jirgin ya fara juyawa a karkace, ga tukwane jibge, ga mata suna salati, wani kuma ya tsiro da zancen dorina, Allah ya shirye shi.

Wani dattijo da ke zaune bisa buhu tun Bubon, bai ce wa kowa uffan ba, sai ya miƙe ya karɓi filafili daga hannun yaron jirgi. Ba tuƙinsa ya ja hankalina ba, tsayuwar ce. Ya ware ƙafafu, ya ɗan rusuna, jirgi na tangaɗi shi ko gezau. Wanda ya taso yana kallon kokowa ya san wannan tsayuwa. Mai jirgin ya ɗago kai daga injin, ya ƙura masa ido, ya saki sifana ya ce: "Sarki! Ashe kai na ɗauko?"

Tsohon zakara ne, cikin waɗanda suka taɓa ɗaukar takobi, kambun gasar kokowa ta ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ya roƙa kada a yi ta yaɗa shi. 'Yan'uwa na Najeriya ku gane, a Nijar takobin kokowa ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1975 aka fara gasar a Tawa, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko. Jihohi takwas ke turo 'yan kokowa goma-goma, kuma in ana karon ƙarshe har titi kan yi tsit, kowa na manne da rediyo ko talabijin. Yaran yanzu Issaka Issaka na Doso suka sani, amma iyayenmu da sunayen irin su Salma Ɗan Rani da Kadade suka rene mu.

Wayata na hannuna, na rantse har na buɗe kyamara. Sai na ga mutum yana gumi don ya kai mu gaɓa, kunya ta kama ni, na mayar da ita aljihu. Na matsa na ce, "Baba, sannu da aiki, kawo in karɓe ka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, zauna dai ka riƙe wa mata tukwanensu." Jirgi ya kwashe da dariya, har da ni.

Da injin ya tashi, dattijon ya zauna kusa da ni, muka yi hira har fitilun gadar Kennedy suka bayyana. Bai yi mini zancen takobi ba ko sau ɗaya. Zancensa gero ne, da gwiwarsa da ke hana shi barci in sanyi ya shigo, da yadda samarin yanzu suke son layu fiye da atisaye. Ni dai a ganina hoto ba laifi ba ne, amma gaisuwa ta riga shi, kuma a duba halin da mutum yake ciki.

Da muka sauka na nemi hoton, ya yarda, amma duhu ya riga ya yi. Yana nan a wayata, ba ka ganin komai sai farin rawani da haƙorana.