Tambaya da Amsa: Ƙanena zai gwada gudu a tsohon filin tseren da aka yi watsi da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka, kuma ƙanena yana hannuna tun da ya zo karatu. Shi da abokansa sun kamu da son tseren mota, kusan kowace Asabar suna wani ƙaramin fili suna kallo. Kwanaki ya dawo da goshi a kumbure, wai yana manne da shingen waya wani abu ya fallatso ya same shi. Yanzu kuma sun gano wani tsohon filin tsere a cikin daji wanda aka daɗe da rufewa, suna shirin kutsawa da motarsa su gwada gudu. Da na yi magana sai ya ce ai can ya fi titi aminci, ba mutane, ba 'yan sanda, kuma don gudu aka gina shi. Wallahi ko barci ba na iya yi. Shin yana da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba a banza hankalinki ya tashi ba. Ba shi da gaskiya, kuma kada ya shiga wurin nan da mota ko sau ɗaya.

Wannan magana ta "ai don gudu aka gina shi" na gaji da jin ta. Matasa na faɗa, manya masu hankali ma na faɗa, ga masu ɗora bidiyo a YouTube da TikTok suna ƙara hura wutar: su ɓalle shinge, su zaga sau biyu, su yanke wurin da motar ta kusa ƙwace musu, su bar yaran mutane da sha'awa. Abin da ke tsare ran direba a filin tsere ba kwaltar ba ce. Mutane ne da kayan aiki: masu share hanya kafin a fara, masu ɗaga tuta a kwana, 'yan kwana-kwana, motar asibiti da ke tsaye tana jira, da katangar da ake dubawa ana gyarawa. Ranar da aka rufe fili, duk waɗannan sun tafi gida. Abin da ya rage kawai hanya ce mai kiran mutum ya taka totur, da katanga a ƙarshenta.

Ita kanta kwaltar ba wadda ya gani a hoto ba ce. Ruwa na shiga tsaga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, tsagar ta buɗe, saiwar itace ta bi ta ƙasa ta ɗaga shimfiɗar. Ganye da tsakuwa da gansakuka su taru daidai ƙasan kwana, inda taya ta fi bukatar riƙo. Mai tafiya a ƙafa ba zai ɗauke su a bakin komai ba. Amma mota mai gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160, tana cin kusan mita 44 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idon direba ya ga ramin, ƙafarsa ta bar totur ta koma birki, ya riga ya faɗa. Kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ninki huɗu yake komawa.

Sai motar. A irin waɗannan filaye masu siffar ƙwai hagu ake ta juyawa, don haka nauyin mota kan tayar gaba ta dama yake sauka, zagaye bayan zagaye. Tayar titi ba a yi ta don wannan azabar ba. Takan yi zafi, idan kuma ta fashe a tsakiyar kwana sitiyari ba ya jin magana, motar miƙewa take yi sak zuwa katangar waje. To wace katanga? A tsofaffin filaye yawanci kankare ne tsura, ko dogon ƙarfe da aka ɗaure a jikin turakun katako. Idan turakun sun ruɓe, ƙarfen ba ya tare mota. Yakan ɓalle, bakinsa ya huda gaban motar ya shigo har inda mutum ke zaune. Inda kuma wani ɓangaren katanga ya zube, gefen da ya rage a tsaye shi ne mafi muni, don mota ba ta gogarsa ta wuce, karo take yi da shi gaba da gaba.

Ki tuna masa da Dale Earnhardt, ɗan jihar taku, direban da ya ci kambun NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka, sau bakwai. A filin tseren Daytona ya mutu a watan Fabrairun 2001, cikin motar da ke da kejin ƙarfe, da hular kwano a kansa, likitoci na kusa. Bayan mutuwarsa ne aka tilasta wa direbobi sa na'urar da ke riƙe kai da wuya, kuma daga 2002 aka fara lulluɓe katangu da shingen ƙarfe mai soso a baya wanda ke shanye ƙarfin karo. Filin da aka rufe kafin lokacin bai taɓa ganin ko ɗaya daga ciki ba. Ƙanenki kuwa da rigar shan iska da bel ɗin mota kaɗai zai shiga.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda masu bidiyo ba sa faɗa. Idan abu ya faru, wa zai zo? Za su kira 911, lambar neman agajin gaggawa, a tambaye su adireshi, ba su da shi. Ƙofa a kulle da sarƙa, hanyar shiga itatuwa sun cinye ta. Kuma da yake sun san shiga suka yi ba izini, sai yara su tsaya shawara: a kira ko kada a kira, a fara fitar da motar tukuna, a ɗauke shi a kai shi da kanmu. Mai zubar jini a ciki ko mai karayar wuya, a cikin wannan shawarar ake rasa shi, ko a ja shi daga mota a ƙarasa nakasa shi.

Ko ba da mota ba, hawa dandamalin 'yan kallo a irin wuraren ma ganganci ne. Dubi filin tseren North Wilkesboro, wanda bai yi muku nisa ba. NASCAR ta bar shi a 1996, ciyawa ta tsiro a tsakiyar hanya, har a ƙarshen 2019 Dale Earnhardt Jr., ɗan marigayin, ya tara 'yan sa-kai suka yi ta sara da shara. Sai da jihar ta ware dala miliyan 18 kafin gasar All-Star ta NASCAR ta sauka can a 2023, aka kuma sake shimfiɗa kwalta kafin gasar 2024. A 2024 ɗin ne ma'aikata suka ga tsaga a kankaren wurin zaman 'yan kallo, da suka cire kujeru sai ga ƙaton rami a ƙarƙashi. Wurin da injiniyoyi ke dubawa kenan. Ina ga wanda ya shekara talatin ba wanda ya leƙa shi?

Batun goshinsa kuma, Allah ne ya tsare. Shingen waya an yi shi ne don ya lanƙwashe ya tare mota, shi ya sa ake barin fili tsakaninsa da kujeru, kuma ƙananan ɓaraguzai na ratsa shi. A filin tseren Charlotte, a 1999, taya da tarkacen mota sun tsallake shinge suka kashe 'yan kallo uku. Idan zai je kallo a filin tseren Bowman Gray ko wani fili, ya hau layukan sama, ya guji mafitar kwana, ya sa abin toshe kunne. Kada ya hau shinge don hoto: wani ya yi haka a filin tseren Richmond a 2014, aka ɗaga tutar rage gudu saboda shi, ya ƙare a hannun 'yan sanda. Kada kuma ya taka hanyar tsere muddin akwai mota a kai, ko da an ɗaga tutar rage gudu. Kevin Ward Jr., matashin direba mai shekara 20, a ƙarƙashin irin wannan tutar mota ta buge shi ya mutu a wani ƙaramin fili na jihar New York a 2014, bayan ya fito daga motarsa ya taka cikin hanya.

Ban ce ki raba shi da abin da yake so ba, ba ma zai yiwu ba. Idan tsohon fili yake son gani, ga Occoneechee a Hillsborough, filin ƙasa da aka yi tsere a kansa tun kakar NASCAR ta farko a 1949 har zuwa 1968. Yanzu hanyar tattaki ce a buɗe ga kowa, zai zaga da ƙafa ya ga inda 'yan kallo suke zama a da. Idan kuma gudun yake so, filin Virginia International Raceway na kusa da Danville a jihar Virginia. Shi ma an rufe shi a 1974, shanu suka yi ta kiwo a ciki, aka gyara aka sake buɗewa a 2000. Akwai ranakun da mai motar gida ke biya ya shiga, a duba masa taya da birki, a sa masa hular kwano, mai koyarwa ya zauna a gefensa.

Ki zaunar da shi da abokan nasa gaba ɗaya, don a rukuni ake yanke irin wannan shawarar. Ki tambaye shi: idan ɗan wani ya mutu a kujerar gefensa, da wane baki zai kira iyayen yaron a gida? Ran da ke cikin motarsa amana ne a wuyansa, nasa ran ma ba mallakinsa ba ne da zai yi caca da shi. Ki kuma gaya masa cewa yawancin kamfanonin inshora ba sa biyan ɓarnar da aka yi wajen tsere, kuma tuhumar kutsawa filin wani na iya taɓa takardun zamansa na ɗalibi. Idan motar da sunanki take, ki karɓe makullin har sai ya nuna miki takardar rajistar ranar gwaji a fili mai aiki.