Shin dole ne a kama shugaban da kotun ICC ke nema?

Ka tambaya ko wajibi ne ƙasa ta kama shugaban da ya kawo mata ziyara alhali kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, na nemansa. E, wajibi ne, muddin ƙasar tana cikin Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun. A 2019 kotun ta ce Jodan ta yi laifi da ta ƙyale Omar al-Bashir, shugaban Sudan a lokacin da ya kai mata ziyara, domin kujerar shugabanci ba ta kare kowa a gabanta.

Sai dai abin da na lura da shi, kotun ba ta da 'yan sandan kanta. Shugaban Rasha Putin, wanda kotun ke nema, ya je Mongoliya, mamba a kotun, a Satumban 2024, aka yi masa tarbar girma, ya koma gida lafiya lau. Iyakar abin da kotun ta iya shi ne kai ƙarar Mongoliya gaban taron ƙasashe mambobinta.