An ce ina da sankarar fata a hanci: tiyata ko baƙin man shafawa?

Tambaya: Likita, shekaruna 57. Wani ƙurji mai sheƙi a gefen hancina ya kusa shekara yana jini yana ɓawo, ya ƙi warkewa. An yanki kaɗan an gwada, aka ce sankarar fata ce, nau'in basal, sai tiyata. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na ga tallan wani baƙin man shafawa a Facebook, wai yana zuƙo sankara har saiwarta ba tare da yanka ba. In gwada kafin ranar aikin?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Basal ita ce sankarar da ta fi yawa a jikin ɗan Adam, kuma da wuya ƙwarai ta bazu zuwa huhu ko hanta. Ɓarnarta a inda take: tana cin fata a hankali, ta kai guringuntsi, ta kai ƙashi. A hanci mun fi son tiyatar Mohs, inda ake yanka siriri-siriri ana dubawa a madubin likita har gefen ya fita tas. Ga wadda ba a taɓa taɓawa ba, warkewa kan kai kashi 99 cikin 100.

Man nan kuwa, don Allah kada ya kusanci fuskarka. Na gaji da ganin aikinsa. Sinadarin zink kuloraid ne da saiwar wani tsiro na Arewacin Amurka, kuma ƙuna kawai yake yi, bai san lafiyayyar tsoka da mai cuta ba. Bayan kwanaki wani baƙin ɓawo ya faɗo, mai tallan ya ce ga sankarar nan ta fito. Naman hancinka ne ya mutu ya faɗo! Tabo ya rufe sama, ragowar cutar na ci a ƙasa, ba mai gani. Sai mutum ya dawo mana da rami a hanci, aikin ɗinki biyar ya koma na sake gina fuska. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sha gargaɗi a kansa.

Masu tallan za su ce maka ai Frederic Mohs, likitan da ya ƙirƙiro tiyatar Mohs, da kansa ya yi amfani da irin wannan haɗin a shekarun 1930. Haka ne, amma yana shafawa ne ya yanka ya duba a madubi. Mai tallanka da me zai duba?

Ka je ranar da aka ba ka. Allurar kashe zafi ce a wurin, yawanci ranar za ka koma gida. Bayan nan a riƙa duba fatarka duk shekara, domin wanda ya yi ɗaya ya fi saurin yin wata.