Tsohon fim ɗin 1966 ya koma ja yana warin tsami, a wanke shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin haska fim a silima, ya bar mana gwangwanayen wani fim mai suna Lightning Bolt. Na buɗe na tarar hoton ya koma ja, yana warin tsami kamar ruwan khal. Wani mai gyara ya ce zai wanke shi da sinadari launin ya dawo, kafin nan in ɗaure shi a leda. Hankalina a tashe yake, don shi kaɗai ya rage mana na aikin Baba. Kuma anya ba jabu ba ne? An ce na Italiya ne, amma sunan Anthony Dawson na gani.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa Baba rahama. Ba jabu ba ne. Sunansa na asali Operazione Goldman, haɗin gwiwar Italiya da Sifaniya a 1966, kuma Anthony Dawson suna ne da darakta Antonio Margheriti ya ara don kasuwar waje. Lokacin finafinan James Bond na tashe, kowa na neman rabonsa da ɗan abin da ke aljihunsa. Anthony Eisley ne ya fito a ɗan leƙen asiri Harry Sennet, mai farautar wanda ke tarwatsa rokokin Amurka a Cape Kennedy, ashe wani attajirin mai kamfanin giya ne da ya gina maɓoya a ƙarƙashin teku, yana daskarar da masana kimiyya. Margheriti gwani ne wajen ƙera ƙananan gine-gine su fito a hoto kamar na gaske, ni abin da nake ƙaunar fim ɗin dominsa ke nan.

To, maganar mai gyaran nan. Kada ka ba shi, ko da kyauta zai yi. Wannan ƙarya ta ishe ni, kullum sai an kawo mini zaren fim da aka kashe da sunan wanki. Jan da kake gani ba dauɗa ba ce. Launin irin wannan zare rini uku ne a jere, shuɗi-shuɗi da rawaya da ja-ja. Biyun farko kan riga kwantawa, a bar na ukun shi kaɗai. Rinin da ya mutu ya mutu, babu ruwan da zai tashe shi. Wanda ya ce maka zai dawo da shi da sinadari, ko bai sani ba, ko kuɗinka yake so. Na ga wanda aka goge da kananzir, na ga wanda aka jiƙa da ruwa aka shanya a rana, fatar hoton ta saɓule gaba ɗaya. A kwamfuta kaɗai ake gyara launi, bayan an kwafe hoton ɗaya bayan ɗaya, shi ma gwargwadon abin da ya rage.

Ledar kuwa ta fi wankin haɗari. Warin nan jikin zaren ne ke ruɓewa yana fitar da asid, asid ɗin kuma shi ke ƙara saurin ruɓewar. Ka ɗaure shi a leda cikin zafin ɗaki, ka kulle shi ke nan da abin da ke cin sa. Sai ya tsuke, ya kanannaɗe, ya yi gautsi. Tururin ma yana kama lafiyayyun da ke kusa. Masu cewa zai kama da wuta kuma su kwantar da hankali: an bar yin zaren naitiret, wato tsohon zare mai saurin kamawa da wuta, tun farkon shekarun 1950, naka ba shi ba ne.

Yau ɗin nan ka ware masu warin daga sauran, ka sassauta murfinsu a inuwa inda iska ke shiga, ka sauya duk gwangwanin da ya yi tsatsa. Ka ajiye su a kwance a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, musamman da damina. Firiza na tsayar da ciwon in an naɗe da kyau, amma inda ake ɗauke wuta, narkewa da sake daskarewa raɓa za su tara masa. Kada ka ɗora shi a injin majigi, haƙoran za su yayyaga zaren da ya tsuke. Ka nemi ma'adanar finafinai mai na'urar kwafe zare a auna shi tun yana warwaruwa, kuma bayan an kwafe kada ka yar da na asalin.