Inji biyu ne, amma giya ɗaya ce

Kai yaro, wai tambayarka ke nan: tunda helikwaftan inji biyu gare shi, in ɗaya ya mutu ɗayan zai kawo shi gida, don me nake takura muku da duba maganaɗisun giya, wanda ke kama ɓarɓashin ƙarfe a cikin manta, kullum? Ajiye wayar nan tukuna.

Je ka leƙa saman helikwafta Mi-17. Injin TV3-117 guda biyu ne, gaskiya, kuma in ɗaya ya tsaya akwai kulocin da ke sakinsa don kada ya ja ɗan'uwansa. To amma ƙarfinsu duka a babbar giya ɗaya yake haɗuwa, VR-14, ita ke juya babbar farfela mai fiffike biyar ɗin nan har da ta wutsiya. Helikwafta Bell 412 ma babbar giyarsa ɗaya ce. In ta cije, wane inji ne zai cece ka? Yadda ake kwance maganaɗisun kuwa ba zan ɓata yawuna ba, yana cikin littafi.

Ina da igiya uku lokacin da wani ɗan kwangila ya kawo mana giya, wai daga gyaran kamfani take, takardu tsaf, hatimi ko'ina. Ba ta yi awa 20 a sama ba na zaro maganaɗisu na ga ɓarɓashin ƙarfe, laushi kamar kwalli. Na ce jirgi ba zai tashi ba. Wani hafsa ya tsaya a kaina, ana jiran a kwaso waɗanda suka ji rauni, ya ce ai sabuwar giya dole ta zubar da ɗan gari. Na goge, muka tayar da inji a ƙasa, na sake dubawa ban ga komai ba, na sa hannu.

A hanyar dawowa fitilar gargaɗi ta kama, man giya ya yi zafi, matuƙin ya sauke shi a gonar dawa. Allah ya kiyaye rayuka. Da aka buɗe, tsohon boris ne a ciki, fenti kawai aka yi wa giyar. Kwamiti ya zauna, hafsan ya ce bai tuna mun yi magana ba. Sa hannuna kaɗai ke takarda. Aka cire mini igiya ɗaya, shekara huɗu ina ƙamewa yaran da na koya wa riƙe sifana. Ɗan kwangilar kuwa har yau in na gan shi cikin jibgegiyar motarsa sai abinci ya fita raina.

Ku yaran yanzu sai fitila ta kama kuke sanin akwai matsala. Gobe bayan asuba ka same ni a gindin jirgin, ka taho da farin ƙyalle da tocila.