Wayar da Mai Larurar Gani Zai Riƙa: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Mahaifina ya rasa ganinsa shekara biyu da suka wuce. Ina so in ba shi tsohuwar wayata ta Android in sayi sabuwa, tunda dai ba kallon allo zai yi ba. Za ta yi masa?

Amsa: Ɗan'uwa, sau da dama ina samun irin wannan wasiƙa, kuma kowane lokaci sai ta sosa mini rai. Kai da kake gani, idan wayarka ta daskare na daƙiƙa uku, idonka na faɗa maka cewa tana aiki ne, sai ka jira. Shi kuwa Baba, kunnensa ne idonsa a kan wayar, don haka idan muryar da ke karanta masa allo ta yi shiru, bai san ko saƙonsa ya tafi ba, ko kuwa ya kira wani bisa kuskure. Manhajar da ke karanta allo tana aiki ne ba hutawa a kan duk sauran manhajoji, saboda haka wayar da ta gaji a hannunka za ta fi gajiya a hannunsa. Shi ne ya cancanci mai sauri, kai ka ci gaba da lallaɓa tsohuwar.

Hanyoyin da ke gabanku biyu ne. iPhone tana zuwa da manhajar karanta allo mai suna VoiceOver tun daga samfurin 3GS na shekarar 2009, kuma yadda take aiki iri ɗaya ne a kowace iPhone, abin da ke sauƙaƙa koyo. Android tana da tata, wato TalkBack na kamfanin Google, amma kowane kamfani yana yi wa tsarin nasa kwalliya, shi ya sa wayoyi biyu na Android za su iya bambanta ƙwarai a kunnen makaho. Idan Android kuka zaɓa, ni ba na ba da shawarar wadda RAM ɗinta (ma'ajiyar da waya ke riƙe aikin da take yi) bai kai gigabait 4 ba, kuma ku bincika shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta. Girman allo da yawan kyamarori ba su ne abin dubawa ba. A duba ƙarfin lasifika, da ƙarfin batir, da maɓallan gefe da yatsa zai iya rarrabewa ba tare da lalube ba. Idan kuma shafa allo ya gagare shi, akwai wayoyi masu maɓallai da aka ƙera domin makafi, irin su BlindShell.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a yanke hukunci a bayan mai abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka sa masa wayar a hannu, ka kunna muryar, ka naɗe hannuwanka, ka bar shi ya zame yatsa dama ya ji abu na gaba, ya taɓa sau biyu ya buɗe. Idan ya iya kiran lamba da kansa, kun samu. Sannan ka saya masa abin sauraro na kunne, ka koya masa rufe hasken allo (a VoiceOver taɓawa uku ce da yatsu uku), domin kada na kusa ya ga lambar sirrinsa.

Tambaya: Wayata ta soma magana da kanta, kuma ko na taɓa abu ba ya buɗewa. Ta lalace ne?

Amsa: Malama, lafiyarta ƙalau, kuma ba aljanu ba ne. Idan Android ce, TalkBack kika kunna, wataƙila a cikin jaka. Ki danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa uku domin kashe shi.

Tambaya: Ina gani kaɗan, amma rubutu na yi mini dishi-dishi. Dole ne in koma sauraro?

Amsa: Ba dole ba ne, Malam. Ka ƙara girman haruffa, ka kunna faɗaɗa allo da baƙin shafi, duk suna cikin saiti. Don karanta takarda ko kwalin magani, ka sauke manhajar Lookout ta Google ko Seeing AI na Microsoft, wanda ya iso Android a 2023.